Canki-Canka a Gidan Malam

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in daina ja muku rai in faɗa ko an sa rana. Ki yi haƙuri 'yar uwa, ba a sa komai ba. Ga waɗanda yau suka fara shigowa kuwa, sunana Amatullah, a Daura aka haife ni kuma a nan nake, shekarata ashirin da ɗaya. Abin da ya zaunar da ni a gidan ubana shekara uku bayan gama sakandare ba rashin lafiya ba ne, ba kuma aljanu ba. Lissafi ne.

Makarantar koyon aikin jinya nake so tun ina 'yar ƙarama, su kuma ba sa ɗaukar mutum sai da kiredit a lissafi. Sauran darussan duk na ci. Sau biyu ina zama WAEC, sau biyu ana miƙo min D7. Wanda bai san D7 ba, shi ne ka zo har bakin ƙofa kana jin ƙamshin miya, a turo ƙyaure a rufe. Maki kaɗan ne tsakaninsa da C6, amma makarantar ba ta san wani abu wai shi kaɗan ba.

Duk ranar Juma'a Gwaggo Hadijatu, yayar Babanmu, sai ta zo cin tuwon rana. Za ta baje a tabarmar Umma, ta zame mayafi zuwa kafaɗa, ta dube ni sama da ƙasa ina kawo mata ruwa.

"Amatu, har yanzu dai ana nan ana jiran takarda?"

"Ana nan Gwaggo."

"To Allah ya kawo ta. Sa'anninki dai na ga har da masu yaye."

Umma sai dai ta ƙara ƙarfin firfita. Baba ne ya yanke maganar da kansa wata rana, ba faɗa ba tsawa. Ya ce, "Na ukun nan shi ne na ƙarshe, Amatu. Idan Allah bai yi ba, sai ki karɓi ajin 'yan mata a Islamiyya ki zauna." Na san Baba, idan ya ce na ƙarshe to na ƙarshen ne. Ba na raina koyarwa, amma ranar sai da na shiga bayan ɗaki na yi kukana.

A wajen lesin ɗin da na shiga na haɗu da Ikrima. Malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi a nan cikin gari, amma ɗan Sandamu ne, kullum a mashin yake zuwa yake komawa. Dogo ne siriri, hannun rigarsa ba ya rabuwa da tabon tawada. Bai yi wata-wata ba ya aiko aka nemar masa izini wurin Baba. Baba ya bincika, ya ce ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi bayan la'asar, a soron ciki, ƙofa a buɗe. To 'yan uwa, wasu 'yan matan samarinsu tsire da turare suke kawo musu. Ni nawa tsofaffin takardun jarrabawa yake kawo min a cikin leda, ya miƙo yana murmushi kamar ya kawo kaza.

Wata Asabar ya zo da takarda mai tambaya hamsin, irin wadda ake jera maka amsa huɗu, A, B, C, D, ka zaɓi ɗaya. Ranar na sa doguwar rigar atamfa mai ruwan ganye da hijabi ruwan madara, har da kwalli na zizara, don ni a zatona hira za a yi. Ya ajiye wayarsa a tabarma tana ƙirga lokaci, ya ce in ɗauka a zauren jarrabawa nake. Na yi abin da zan iya na miƙa masa. Ya duba gaba, ya juya baya, ya sake dawowa gaba.

"Amatullah, lokaci ne bai ishe ki ba?"

"Ya ishe ni mana. Har zama na yi ina kallon kajin Umma."

"To waɗannan fa? Tambaya ashirin da shida babu komai a gabansu."

"Ban san su ba."

"Don ba ki san su ba sai ki bar su haka?"

"To me zan sa? Abin da ban sani ba?"

Ya cire hularsa ya kifa ta a gwiwa. Idan ya yi haka na san abin ya kai masa ko'ina.

"Tsaya. A jarrabawar da kika yi sau biyu ma haka kika yi?"

"Haka nake yi tun daga aji ɗaya."

Ya yi salati a hankali. Ya ɗauki jan biro ya duba waɗanda na amsa. Cikin ashirin da huɗu na ci ashirin da ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ke ba lissafi ne ya kayar da ke ba. Ke kika kwanta da kanki."

Na ji haushi, har na murguɗa baki. Amma bari in gaya muku daga inda abin ya samo asali, don kada ku ɗauka wauta ce zalla. Mahaifina malami ne, Malam Zakiyyu mutanen unguwa ke ce masa. Manya yake karantarwa a zaure safe da yamma. Na sha ganin mutum ya taso tun daga garin Babban Mutum da tambayar gado ko ta saki, Baba ya saurare shi tsaf, ya ce, "Ban sani ba, Allah ne mafi sani. Ka dawo Alhamis na duba." Ko a jikinsa. A gidanmu ba a dukan yaro don bai sani ba. Bulala ɗaya tak Baba ya taɓa yi min a rayuwata, ranar da nake ba shi hadda ƙarshen aya ya ɓace min, na lalubo wanda ya yi kama da shi na ɗora. Ya ce da na yi shiru da ya ɗora ni. Tun ranar, idan ban tabbatar da abu ba bakina ba ya faɗa, hannuna ma ba ya rubutawa. Babu malamin boko ko ɗaya da ya taɓa lura, don ba wanda ya taɓa zama ya ƙirga guraben da nake bari.

Na faɗa wa Ikrima duk wannan. Bai yi dariya ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa nake son sa. Ya gyara zama ya ce, "To ba zan ce ki faɗi abin da ba ki sani ba. Zan nuna miki cewa kin san fiye da yadda kike zato. Amsar nan tana gabanki, su da kansu suka rubuta miki ita, sai suka haɗo ta da 'yan rakiya uku. Aikinki ki sallami 'yan rakiyar."

Ya nuna ɗaya daga cikin waɗanda na tsallake. Uba ya ninka ɗansa sau uku a shekaru, idan aka haɗa shekarunsu arba'in da takwas ne, shekarun uban nawa? A sha biyu, B sha shida, C talatin da shida, D arba'in da biyar. Ni da na ga irin wannan nake tsayawa neman yadda zan sa x da y, sai kaina ya ɗaure.

"Manta da x," in ji shi. "Uba mai shekara sha biyu, a wace unguwa kika taɓa ganinsa?"

Na tuntsire da dariya.

"Idan uban sha shida ne, ɗan nawa ke nan a cikin arba'in da takwas?"

"Talatin da biyu. Ya girmi ubansa."

"To sallame su. Saura biyu. Ɗauki C ki mayar cikin tambayar ki gani."

Na raba talatin da shida gida uku, sha biyu. Na haɗa, arba'in da takwas cif. Wallahi sai da na ji wani abu ya tsarga min tun daga ƙeya. Shekara da shekaru ina tsallake irin waɗannan, ashe ƙofarsu ma ba a kulle take ba.

Daga nan kullum da safe sai saƙonsa ya shigo. A wayata Lissafi na sa masa suna, don ko Gwaggo ta ɗauka ba za ta gane komai ba.

"Barka da safiya gimbiyar D7. Na yau: idan suka tambayi yiwuwar faruwar abu, duk amsar da ta haura ɗaya ki kore ta, ba a yi ta ba."

"Gimbiyar me? Zan rama."

"Ki rama da C6. Kuma idan tambaya ta tsaya miki a wuya kada ki zauna kina lallashinta. Yi mata alama ki wuce, ki kwashe masu sauƙi tukuna ki dawo."

Wata rana kuma: "Idan aka ba ki ninki mai dogayen lambobi, ninka na ƙarshe da na ƙarshe kawai ki duba wace amsa ce ta ƙare da shi. Sannan ki riƙa ɗora yatsa a kan lambar tambaya kafin ki cike gurbi. Na san yarinyar da ta zame layi ɗaya tun daga ta goma, har ƙarshe amsar maƙwabciya take ba kowace tambaya. Kin karya kuwa?"

Sai a ƙarshen saƙo yake tuna cewa ni budurwarsa ce. Haka na saba da shi.

Kafin wata ya zagayo guraben da nake bari sun sauko daga ashirin da shida zuwa bakwai ko takwas. Waɗannan kam ko na juya su ta ina ba na iya korar ko ɗaya daga cikin amsoshin. A kansu ne rigimar ta tashi. Ranar Lahadi ce, saura 'yan kwanaki jarrabawa. Ikrima ya ɗaga murya irin ta malaman aji, ya manta a soron wa yake.

"Idan aka ce lokaci ya kusa, duk gurbin da ya rage ki zaɓi harafi ɗaya ki bi su da shi. Ba a rage wa mutum maki don ya yi kuskure. Cikin takwas sai ki dace da biyu. Canki-canka ne kawai."

"Canki me?"

Baba ne tsaye a bakin soro da buta a hannu, zai wuce masallaci. Ikrima ya zame daga kan tabarma ya durƙusa. Ni kuwa na ja hijabi har kan hanci. Ku da kuka taso a ƙasar Hausa kun san canki-canka, wasan da yara ke ɓoye tsakuwa a hannu ɗaya su ce ka canka. A kunnen Baba kuwa kalmar ƙanwar caca ce. Bai ƙara komai ba sai, "Gobe bayan la'asar ka same ni a zaure." Ya wuce.

Umma da na faɗa mata cewa ta yi, "Shi ma dai da tsautsayi. Duk kalmomin duniya ya rasa wadda zai faɗa a gidan nan sai wannan?"

Washegari Ikrima ya zo cikin babbar riga fara ƙal, wadda ban taɓa ganinsa da ita ba, da alama ma ta aro ce don ta yi masa faɗi a kafaɗa. Baba ya sallami ɗalibansa, ya sa aka kira ni na zauna daga bakin ƙofa. Yana kan buzunsa, littattafai jere a gefensa, tabarau a karan hanci.

"Malam Ikrima, na ba ka izinin zuwa gidana don an ce min kana da natsuwa. Jiya na ji kana koya wa 'yata ta ba da amsar abin da ba ta sani ba. Haka ne ko kunnena ne?"

"Allah gafarta Malam, haka ne. Amma ina neman izini in yi tambaya."

"Yi."

"Matafiyi ne a daji, hadari ya rufe sama, bai san gabas ba, lokacin salla kuma zai fita. Ya bar sallar?"

Na ga gefen bakin Baba ya motsa. Ba abin da yake so a duniya irin a ja shi da mas'ala.

"Ba zai bari ba. Zai duba alamu iyakar iyawarsa, ya fuskanci inda ya fi rinjaye a ransa."

"Idan babu alama ko ɗaya fa?"

"Ya zaɓi fuska ɗaya ya yi. Wasu malamai ma sun so ya yi sau huɗu, kowace kusurwa sau ɗaya."

"To Allah gafarta Malam, masu jarrabawar nan su ma kusurwa huɗu suka ba ta. Sai dai idan ta fuskanci duka huɗun, sifili za su ba ta."

Baba ya yi 'yar dariya, har ya cire tabarau ya goge. A raina na ce shi ke nan, an gama. Ashe ban san ubana ba.

"Ka iya kawo misali," in ji Baba. "Amma ka bar wani abu a baya. Mai sallar nan, wanda yake yi wa sallar ya san bai san gabas ba, bai ɓoye masa komai ba. Ita kuwa wanda zai duba takardarta zai ɗauka ta sani ne. Zai ba ta shaida a kan ilimin da ba ta da shi."

"Na'ura ce ke dubawa, Malam."

"Na'urar ita za ta ɗauke ta aiki? Yarinyar nan allura take so ta riƙe. Ranar da aka ajiye mata kwalba huɗu ba ta san wacce ce ba, ga mara lafiya kwance, ita ma harafi ɗaya za ta zaɓa?"

Ni kaina maganar ta shige ni, don ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Can Baba ya mayar da tabaransa ya ce, "Ga abin da na gani. Inda ta kori wasu amsoshin da hujja, ta zaɓi wadda ta fi rinjaye a cikin sauran, wannan ƙoƙari ne, ban hana ba. Inda kuwa ba ta iya korar ko ɗaya ba, ta bar shi yadda ta same shi. Amatu, kin ji?"

"Na ji Baba."

"Malam Ikrima?"

"Na ji, na kuma karɓa, Allah gafarta Malam."

Kuma da gaske ya karɓa. Yana isa Sandamu ya turo min saƙo: "Ki bi maganar Malam. Abin da kika iya yanzu ya isa in sha Allah. Ki manta da zancen harafi ɗaya, ni na janye shi." Ku riƙe wannan da kyau 'yan uwa, don kada wata ta zo tana zaginsa a ƙasan rubutun nan.

Ranar jarrabawa na sa hijabi ruwan toka mara ado, na ɗauki fensir biyu da Umma ta fiƙe min da reza, da sabuwar kilina ta goge fensir. Umma ta tofa min addu'a a ka. Baba yana zaure da ɗalibai, ya ɗaga min hannu kawai. A wata makarantar sakandare aka ajiye mu, aji cike da manya, har da wata mai ciki da wani mai furfura a gemu. Na ce ashe ba ni kaɗai lissafi ya riƙe wa zane ba.

Da aka raba takardar zaɓi na yi bisimilla na fara. Na kwashe masu sauƙi. Na dawo kan masu alama ina sallamar 'yan rakiya ɗaya bayan ɗaya, wata in mayar da amsa cikin tambaya, wata in ƙiyasta in ga wacce ta yi nisa da hankali. Yatsana yana kan lamba kamar yadda aka koya min. Ban taɓa jin daɗin jarrabawa irin na ranar ba. Da na kai ƙarshe na ƙirga, saura bakwai. Na sake bin su. Ɗaya a kan da'ira ce da wasu layuka da suka ratsa ta, sauran ma ko sunan abin da ake tambaya ban gane ba. Babu amsa ko ɗaya da zan iya cewa ba ita ba ce.

Malamar da ke tsaron mu ta ce lokaci ya kusa, kowa ya duba sunansa da lambarsa. Na ajiye fensir. Na zauna ina kallon layuka bakwai farare a takardar amsa. Sai na ga Gwaggo a tabarmar Umma tana zame mayafi. Na ga kaina a ajin Islamiyya shekara goma masu zuwa, ina ganin 'yan matan da na koyar suna wucewa da fararen kaya. Na tuna D7 maki kaɗan ne ya raba shi da C6, kuma wataƙila makin nan yana cikin bakwai ɗin nan yana kallona.

Ba zan ce shaiɗan ba ne, ba kuma zan ce hannuna ne ya yi da kansa ba. Ni na ɗauki fensir, da sanina, na bi su da C tun daga ta farko har ta bakwai. Ina cike ta ƙarshe aka ce a ɗaga takardu.

Da na dawo gida Baba ya ce, "An gama lafiya?" Na ce lafiya lau. Ya ce Allah ya ba da sa'a, bai tambayi komai ba. Ikrima ya turo, "Yaya? Guda nawa kika bari?" Na tura masa hoton 'yar tsana tana murmushi, na canza zance zuwa ɓangaren rubutu. Wata biyu da 'yan kai ina ɗauke da abin nan a ƙirji. Ina cin abinci, ina dariya, ina zuwa soro ranar Asabar, amma duk sanda Baba ya ce wa wani "ban sani ba" a zaure sai in tuna da layukan nan bakwai.

Jiya da hantsi ina wanke-wanke aka ce sakamako ya fito. Hannuna da kumfa na ɗauki waya, sau uku ina kuskuren lambar. Da shafin ya buɗe na rufe ido, na buɗe ɗaya. Lissafi, C6.

Na yi ihun da ya sa kajin Umma suka watse. Umma ta fito da muciya a hannu, da ta gane sai ta zauna a bakin murhu ta fashe da kuka. Na ɗauki hoton na tura wa Ikrima. Kafin in ajiye wayar ya amso.

"Allahu akbar! Gimbiyar C6! Kin gani ko, ba ki saɓa wa Malam ba kuma Allah ya ba ki. Yau ɗin nan bayan la'asar zan zo da Kawu Ya'u, ƙanen mahaifina, mu gaida Malam a fara magana. Na gaji da zaman soro."

Na karanta sau biyu. Na rubuta "Tsaya tukuna", na goge. Na rubuta "Akwai maganar da", na goge. Daga ƙarshe na tura "Allah ya kawo ku lafiya."

Umma ta hau dama fura, ta aika aka sayo nono mai kyau da ƙanƙara. Ta ciro min leshina ruwan hoda na sallar bara ta ce in goge. Baba ya fita ta'aziyya tun safe, bai dawo ba sai da aka yi la'asar. Yana shigowa Umma ta tare shi da albishir, da kuma zancen baƙi, amma ina jin na farkon kawai ya ji, don nan take ya ce a kira masa ni.

Na same shi a ɗakinsa. Na durƙusa na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya yi hamdala sau uku. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Kin ga abin da nake faɗa miki. Ɗan abin da mutum ya sani da gaske, Allah yana sa masa albarka." Ya miƙo min wayar yana murmushi. "Guda nawa kika bari?"

'Yan uwa, da na ce bakwai da an wuce wurin. Babu wanda ya gani, babu wanda zai taɓa gani. Amma a gidan nan aka raine ni.

"Ban bar ko ɗaya ba, Baba."

"Duka kika sani?"

"A'a. Bakwai ban san su ba. Na bi su da harafi ɗaya."

Murmushin bai ɓace lokaci ɗaya ba, a hankali ya sauka. Ya cire tabarau ya ninke.

"Cikin bakwai ɗin nawa kika dace?"

"Ban sani ba."

"Da babu su, da kin samu wannan sakamakon?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni ma ban sani ba. Kuma babu ranar da za mu sani." Ya ajiye tabaran a gefe. "Na yi miki alkawarin makaranta idan kin ci, kuma takarda ta ce kin ci. Za ki tafi, ba zan hana ki ba. Amma yaron nan ya zauna a gabana ya ce ya ji ya karɓa."

"Wallahi Baba ba shi ba ne. Ya ce in bi maganarka, saƙon yana nan, ka duba. Ni ce na yi da kaina."

"Kafin ya fara zuwa gidan nan kin taɓa yi?"

Na sunkuyar da kai.

"Shekara ashirin ina gina abu, ya rushe min shi a wata biyu. Ki faɗa masa da bakinki, kada in sake ganin mashin ɗinsa a ƙofar gidana."

Abin da na yi shekara uku ina roƙo ga shi a hannuna, amma ban ji daɗin komai ba. Hawaye suka fara ɗiga a kan leshin da na goge. Ina neman ta inda zan fara roƙonsa sai na ji ƙarar mashin ta tsaya a waje, ƙarar da ko cikin kasuwa zan gane ta. Aka kashe. Wata muryar dattijo ta yi sallama a zaure, da ƙarfi, cike da fara'a. Daga tsakar gida na ji Umma tana jera kofuna a faranti.

Baba ya dube ni ya ce, "Su wa ke sallama?"

Wannan tambayar na san amsarta sarai, babu ko shakka. Amma bakina ya ƙi buɗuwa.